Mujiyoyin Bakin Rafi

Litinin, 9 ga Janairu

Ruwa tun asuba. Itace duk ya jiƙe, na buɗe rumfar abinci a makare, Kang Gimin, ɗan garinmu mai cin abinci a wurina, yana ta buga mini cokali a tebur kamar ɗan yaye.

Maigidana Mas Tarjo ya shigo da sabon tsuntsu. Murai ake ce wa irinsa, doguwar jela, ƙirji ja. Ya rataye kejin a baranda, ya zauna ƙarƙashinsa baki buɗe. Wai wani abokinsa a garin Kudus ya ba shi kyauta. Na ce wane irin aboki ne wannan, ni ma a haɗa ni da shi. Dariya kawai ya yi. Gaskiya tsuntsun ya iya kuka.

Tsohuwa Mbah Painem ta biyo da hantsi, laka har gwiwa. "Nduk, 'yata, ɓeraye sun mai da gonata gidan biki, ni kaɗai ce ba a gayyata ba." Shinkafarta ta yi ciki, suna yanke ta daga gindi. Fangalinta ɗaya tal, can bakin rafi, kuma ba ta da kowa.

Laraba, 11 ga Janairu

Bapak, mahaifina, ya ce kwana biyu ba ya jin kukan mujiyoyin bakin rafi. Ya sa an hau an leƙa akwatunan da suke kwana a kan dogayen sanduna, babu uwa babu 'ya'ya. Bai ci abincin rana ba. Shi ya kafa waɗannan sandunan da hannunsa shekarar da ɓeraye suka cinye garin nan kaf, mutane na yi masa dariya wai tsoho yana gina wa mujiya gidan sama. Tun da mujiyoyin suka zauna suka hau cin ɓerayen babu wanda ya sake dariya. Har doka aka kafa, ba mai taɓa su.

Alhamis, 12 ga Janairu

Na ɗauko buhun da ke cikin kwandon babur ɗin Mas Tarjo zan wanke. Farin gashin tsuntsu a ciki, mai laushi, manne da zaren buhu. Da wari. Buhun ya yayyage ta ciki.

Sai na tuna hannunsa. Satin jiya ya ce waya ce ta karce shi.

Na tura buhun cikin murhu. Ni da kaina. Ban ma tsaya tunani ba, hannuna ne ya riga ni.

Na je karatun Yasin na mata, ban san abin da bakina ya karanta ba.

Juma'a, 13 ga Janairu

Na tambaye shi bayan ya dawo masallaci. Ya fara da "wace mujiya", na ce Mas, kar ka ƙara mini da ƙarya. Sai ya zauna.

Musaya ya yi. Wani mai sayar da tsuntsaye a kasuwar birni ya ce masu kuɗi na son mujiya a gida yanzu, ya kawo masa su, shi kuma ya ba shi murai. Shekara da shekaru yana zuwa gasar kukan tsuntsaye yana tsayawa a bayan igiya yana kallon na wasu. Ya ce, da sunan da yake kirana, "Dik, na ɗauka wasu za su zo su shiga akwatunan. Ai suna da yawa."

Na ce Bapak fa? Na ce Mbah Painem fa, da ta goya ni lokacin da uwata ta rasu? Ya kau da kai. Tsuntsun kuwa a kanmu sai zuba kuka yake.

Ya roƙe ni kar in faɗa. Na ce to. To na ce.

Ni na kawo shi garin nan. Mutumin bakin teku, bai san shuka ba bai san yanka ba, sai gyaran babur da fara'a. Bapak bai hana ba, ya dai ce, "Nduk, ki duba da kyau." Na ce na duba.

Lahadi, 15 ga Janairu

Yau rumfa ba maganar da ake sai ta mujiyoyi. Kang Gimin ya ce aikin mutanen ƙetaren gada ne, dama tun rigimar ruwan rani suke jin haushinmu. Wani ya ce yana ganin Sarip kullum a bakin rafi da lauje da buhu. Sarip na ƙetaren gada, mai yankan ciyawar awaki, wanda ko gaisuwa sai ya sunkuyar da kai yake yi.

Ina tsaye ina zuba miyar gyaɗa a kan ganye. Na zuba, na miƙa, na ce a ci lafiya.

Talata, 17 ga Janairu

Sun tare Sarip.

Ban gani ba, a rumfa na ji. Gimin da samari suka zazzage buhunsa, ciyawa ce kawai, duk da haka suka tura kekensa cikin rafi. Ya shiga ɗaukowa, ya zame, goshinsa ya bugi simintin gada. An ce jini ya rufe masa ido. An ce keken kawai ya ja ya tafi.

Na dawo gida na gaya wa Mas Tarjo. Ya riƙe kai. Na ce ka tashi ka je wurin mai unguwa. Ya ce gobe.

Laraba, 18 ga Janairu

Gobe.

Alhamis, 19 ga Janairu

Ban shirya ba, wallahi ban shirya ba.

Rumfa cike da safe, Bapak ma yana gefe da kofin shayinsa. Gimin yana ba da labarin keken Sarip karo na ban san nawa ba, har yana kwaikwayon yadda ya zame, ana dariya. Ya ce in an sake ganinsa a gefenmu awakin nasa za a kwance. Sai na ji muryata.

"Ba Sarip ba ne, Kang. Mas Tarjo ne."

Dariyar ta tsaya cak. Har man da ke kasko na ji yana ƙara. Gimin ya juyo ya ce mini, "Yu Rusmi, wasa kike?" Na ce na ga buhun, na ƙone shi, tun ranar Alhamis ɗin da ta wuce na sani. Wannan na ƙarshen ba wanda ya tambaye ni, shi ma fitowa ya yi.

Bapak ya ajiye kofin a hankali, ya gyara hularsa, ya kama hanyar gona. Bai dube ni ba. Sauran suka ƙarasa cin abincinsu, kowa ido a faranti, suka yi godiya ɗaya bayan ɗaya. Da ma zagina suka yi.

Da na koma gida labari ya riga ni. Yana zaune a bakin gado. Ya ce, "A gaban mutane, Dik?" Na ce Sarip ma a gaban mutane ya sha nasa.

Na kwashi kayana na koma ɗakin uwata a gidan Bapak. Taku kaɗan ne tsakani, tsakar gida ɗaya, amma dai.

Juma'a, 20 ga Janairu

Zama a gidan mai unguwa bayan sallar Juma'a. Maza a tabarma, mu mata a bayan labule muna haɗa shayi. Matar mai unguwa ta ce in zauna in huta, na ce a'a. Ba wadda ta yi mini maganar. Sai maganar tsadar barkono.

Ta labule nake ji. Pak Hardi mai unguwa ya yi ta kewaye-kewaye, ruwan bana, kwalbatin da ya toshe, sannan ya ce, "Akwai ɗanmu da yake da magana." Muryar Mas Tarjo can ƙasa, da ƙyar. Ya nemi gafara da irin kalmomin da ake yi wa manya, yana tuntuɓe a kansu, don mutanen bakin teku ba su saba ba. Wani yaro ya yi dariya aka tsawata masa.

An yanke: ya dawo da mujiyoyin, ya je ya ba Sarip haƙuri har gida, shi da Gimin. Gimin ya ce shi me ya yi, ai kare gari yake. Pak Hardi ya ce, "Keke ne ya saci mujiya?"

Sai Bapak ya yi magana, karon farko. "Surukina ne. A gidana yake ci. Laifin ya biyo ta ƙofata." Nan na ajiye butar na fita ta baya.

Lahadi, 22 ga Janairu

Ban buɗe rumfa ba. Na ce ciwon kai.

Daga tagar ɗakin nan ana ganin komai, abin da ban so. Fadama shimfiɗe kore har layin tsamiyoyin bakin titi, hasumiyar masallacin ƙetaren gada, dajin itacen katako na jati can kudu a kan tsaunin farar ƙasa, dutsen Muria a arewa rabinsa cikin gajimare. Nan aka haife ni. Babu fangalin da ban san mai shi ba, da uban mai shi. Kuma ko daga nan ana gane na Mbah Painem, tsakiyarsa ya zama faƙo-faƙo kamar kan mai ƙazwa.

Talata, 24 ga Janairu

Mas Tarjo ya sauke kejin murai da sassafe, ya lulluɓe shi da zane, ya ɗaure a babur. Bai ce mini in zo ba. Ni ma ban ce ba.

La'asar ya dawo da kwali. Ɗaya. Ɗaya kaɗai ya samu, sauran an sayar, wasu har Jakarta. Bapak yake gaya wa, ni ina tsintar shinkafa a gefe kamar ba na ji. Wai mutumin dariya ya yi masa, ya ce an taɓa mayar da ciniki bayan an ci an sha? Sai da ya bar masa murai da kejin duka.

Mujiyar ta rame. An datse mata gashin fiffike ɗaya. Ta buɗe wannan farar fuskar tana huci. Bapak ya daɗe yana kallonta, ya ce sai gashin ya fito, wata da watanni ke nan. "Kullum ɓera take ci. Sabo. Kai za ka nemo."

Mas Tarjo da ko ɓeran kicin ya gani sai ya hau kujera.

Alhamis, 26 ga Janairu

Gidan Sarip. Na ce zan bi su, ai ni ma da nawa. Gimin ya zo da sabuwar riga da fuska a murtuke. Na dafa shinkafa da kaza na ƙunsa a ganyen ayaba.

Gida ne na katako, ƙasa ba siminti, awaki a jikin bango. Sarip da filasta a goshi, idon ya kumbura ya yi baƙi. Shi ne ma yake ta ba mu haƙuri wai ba kujeru. Mas Tarjo ya durƙusa ya kama hannunsa, Sarip yana ta "ba komai, Mas, ba komai, ƙaddara ce", yana neman janye hannun. Gimin ya yi nasa a tsaye, kalma biyu.

Matarsa ce ba ta ce "ba komai" ba. Ta karɓi ƙunshin ta ajiye ba ta buɗe ba. Da na bi ta kicin ta juyo ta dube ni.

"An ce ke kin sani tun kafin su taɓa shi."

Na ce e.

"Kullum yana wucewa ta gaban rumfarki. Yana cewa matar nan mai kirki ce, takan ba shi ruwan zafi."

Shi ke nan abin da ta ce. Ta ci gaba da hura wuta. Na tsaya kamar an dasa ni, ƙasa ta ƙi tsagewa.

A hanyar dawowa ban hau babur ba, da ƙafa na tako.

Asabar, 28 ga Janairu

Na buɗe rumfa. Sun zo. Kowa da ladabi, har ya yi yawa. Ba mai tsokanata cewa miyar ta yi gishiri.

Lahadi, 29 ga Janairu

Farautar ɓeraye, gari duka. Maza da fartanya da sanduna, ana hura hayaƙin farar wuta cikin ramuka, yara da karnuka suna ihu. Na kai shayi da dafaffen rogo bakin rafi.

Mas Tarjo ma ya zo, ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya ce masa zo nan. Ya tsaya a ƙarshen layi da sanda kamar baƙo a gidan makoki. Ɓera ya fito ta tsakanin ƙafafunsa, ya daka tsalle, ya faɗa cikin laka zaune. Ba wanda ya yi dariya. Wannan ya fi ciwo.

Sai Mbah Painem. Ta taho da sandarta ta tsaya a kansa. "Le, ɗana, ashe mujiya kake iya kamawa, ɓera ya fi ƙarfinka? Tashi. Ga ramin can, nawa ne, ka san hanyarsa ai." Sannan aka yi dariya, kamar an buɗe tukunya. Ya tashi. Ya sa hannu a ramin da ta nuna, abin da ko Gimin ba ya yi, ɓeran ya kafa masa haƙori a babban yatsa, bai saki ba. Ya fito da shi yana wutsil-wutsil, fuskarsa ta yi fari kamar ta mujiyar.

Mbah ta ce, "Ɗaya. Saura dangin."

Na ga jinin. Ban je ba. Matar mai unguwa ce ta wanke masa, Bapak ya sa aka kai shi asibitin gunduma aka yi masa allura.

Alhamis, 2 ga Fabrairu

Kullum da asuba Mas Tarjo yana fita da tarkuna. Kullum yana dawowa da abincin mujiyar. Ya daina toshe hanci. Na ji shi yana yi mata magana a bayan gida, da irin muryar da yake yi wa murai. Ita kuwa huci kawai.

Shagonsa na gyaran babur ba kowa. Mutane suna tura baburansu har bakin titi wajen wani mai gyara.

Lahadi, 5 ga Fabrairu

Na kai wa Mbah Painem abinci. Na daɗe ina shirya abin da zan ce, da na fara sai ta katse ni.

"Kin zo kuka ne ko kin zo tsefe mini kai? In kuka ne ki koma gida, ina da nawa."

Na tsefe mata. Gashin ya zama kaɗan, fari fat. Can ta ce, "Har yanzu a ɗakin uwarki kike kwana?" Na ce wa ya gaya mata. Ta ce garin nan in ka yi atishawa a gabas ana yi maka sannu a yamma. Ta ce, "Shi ya yi sata, ke kin yi shiru, Gimin ya yi duka. Shi kaɗai na ga yana bin ramuka." Na ce Mbah, ni ma ina jin kunya. Ta ce, "Kunyarki a ɗaki take, ba ta kashe ɓera ko ɗaya ba. Ja a hankali, kan mutum ne."

Talata, 7 ga Fabrairu

Na dafa ruwan zafi na zuba a kwalba, na tsaya bakin hanya lokacin wucewar Sarip. Bai wuce ba. An ce ya koma yankan ciyawa can gefen dajin jati, nisa ninki biyu.

Asabar, 11 ga Fabrairu

Na je da kaina, da keke, bayan na rufe rumfa. Hawa ne tun daga gada, na sauka na tura. Na same shi a bakin daji. Na ce Kang, ka dawo bakin rafi, ciyawar can ta fi, ba mai taɓa ka. Ya ce to, Yu, to. Na ce na san gaskiya tun kafin ranar, na yi shiru. Ya ce ai miji ne, Yu. Na ce ba hujja ba ce. Ya yi ta murza laujensa. Tabon ya zauna a goshinsa, gira ɗaya ta rabu biyu.

Na taya shi ɗaure buhun a keke. Ya bari. Ban sani ba ko zai dawo.

Lahadi, 19 ga Fabrairu

Bapak ya ce wasu mujiyoyi biyu sun fara sauka a ɗaya daga akwatunan bakin rafi, daga wajen ƙetaren gada suka zo. Ya faɗa yana kallon bango. Mas Tarjo yana gefe yana gyara tarko, hannunsa ya tsaya, sannan ya ci gaba.

Ga shinkafar Mbah dai an makara.

Litinin, 27 ga Fabrairu

An fara yanka. Na Mbah Painem ko injin girbi ba a kira ba, da lauje aka gama kafin hantsi. Abin da aka samu ba zai kai ta Ramadan ba. Ta zauna a kan buhun tana taunar ganyen tabarta, ta ce bana zakka ɓeraye suka ba ta.

Da yamma na ga Mas Tarjo yana magana da Bapak a rumbu. Kason da Bapak yake ba mu duk shekara, shi Mas Tarjo ya ce a kai wa Mbah. Bai tambaye ni ba. Da ya tambaya ma... Shi ya ɗauka a kafaɗa, sawu bayan sawu, ta tsakiyar gari, da rana tsaka. An ce da ya ajiye na ƙarshe ta ce masa, "Can ciki, Le, kar ka tare mini ƙofa." Ko godiya. Ya dawo yana murmushi kamar an ba shi kyauta.

Mu kuma bana sai saye. Ban san yadda za a yi ba.

Juma'a, 3 ga Maris

Gonar Bapak yau. Inji tun safe, ƙura da ƙaiƙayi, na kai abinci bakin gona har sau biyu. Gimin ya ce miyar ta yi gishiri. Na ce ya kawo tasa daga gida.

Mai sayen shinkafa ya zo daga garin Purwodadi da motarsa, sabon mutum, bai san kowa ba. Yana cin abinci a gefena yana kallon masu ɗaukar buhu. Mas Tarjo ya yi baƙi, ya rame, rigar ta manne masa a baya, yatsan har yanzu ba ya lanƙwasuwa sosai. Mutumin ya nuna shi da cokali ya ce, "Bu, uwargida, wancan da ba ya hutawa fa, ɗan ƙwadago ne? Daga ina kuka samo shi?"

Matan da ke kusa duk suka juyo, ina jin idanunsu a wuyana.

Na ce, "Mijina ne."

Da ƙarfi na faɗa, har Mas Tarjo ya juyo da buhu a kafaɗa. Ƙarar injin ce ta sa, ina jin. Dole mutum ya ɗaga murya.

Ɗakin uwata yana yoyo ta kusurwa. Ba zai yiwu in ci gaba da kwana a ciki da wannan ruwan ba. Sai dai in kwashi kayana in koma ɗakinmu.